Waɗanda Suka Warke Ba Sa Shela

'Yata,

 

Tun daren da kika kira ni barcina bai yi nauyi ba. Kullutun da kika ce kin ji a mamanki na hagu bai firgita ni ba, don hannun nan nawa ya taɓa irinsa ba adadi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da kika rufe da ita, muryarki tana rawa: "Gwaggo, tsakaninki da Allah, a wannan ɗan asibitin namu ana warkewa kuwa?" Na ce ki ba ni kwana biyu. Irin wannan magana ba ta waya ba ce, kati ya ƙare ana tsakiyar zance. Shi ya sa na zauna na rubuto. Ki karanta a natse, in kin gama ki miƙa wa maigidanki, akwai rabonsa a ciki.

Ana warkewa. Shekara 35 na yi ina sa farin kaya, mafi yawansu a ɗakin kwanciyar mata na asibiti irin wannan da kike kira ɗan asibiti, kuma na ga waɗanda suka warke da idona. Na kuma ga waɗanda muka rufe wa ido. Abin da ya raba waɗannan da waɗancan shi nake so ki sani kafin ranar da likita ya ce ki koma.

Kin san abin da ya sa garinmu ya yarda cewa duk wadda aka taɓa wa mama a asibiti kabari ta nufa? Masu rasuwa kowa yana ganinsu. Ana zuwa dubiya, ana ganin rama, ana zaman makoki, a tashi ana cewa ai tun da likita ya sa mata wuƙa shi ke nan. Wadda ta warke kuwa sai ta cusa auduga a rigar mama, ta zumbula hijabi, ta koma sana'arta, ta haɗa mu da girman Allah kada mu gaya wa kowa. Akwai mata a garin nan da kike durƙusawa kina gaida su a gidan biki, an yi musu aiki tun kina firamare. Ba zan kama suna ba, amana ce. Amma ki sani labarin da ke yawo a gari rabin labari ne, rabin da ya fi daɗi yana ɓoye a ƙarƙashin mayafi.

Duk da haka ba zan shafa miki zuma a baki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama a faɗin duniya, 670,000 kuma suka rasu. A Najeriya ita ce kan gaba cikin dajin da ke kama mata: ƙiyasin wannan shekarar ya haura sababbin masu ciwon 32,000, masu rasuwa sun haura 16,000. A ƙasashe masu arziki, cikin mata 100 da aka gano da ita, sama da 90 suna raye bayan shekara biyar. Wani babban bincike da aka buga a 2020 ya bi mata sama da 2,000 a Najeriya da Namibiya da Uganda da Zambiya da Afirka ta Kudu. Bayan shekara uku rabinsu ne kawai ke raye. A ɓangaren Najeriya, inda aka bi matan da suka je asibitocin Aba da Owerri, 36 ne cikin 100.

Na san lissafin nan zai tsinka miki zuciya. Sai dai ki duba abin da yake ƙirgawa. Yana ƙirga lokacin da mata suka iso asibiti, da irin maganin da suka samu, da ko sun kai shi ƙarshe. Masu binciken da kansu sun ce da an zo da wuri, an kuma sami magani yadda ya kamata, da kusan kashi ɗaya cikin uku na rayukan da aka rasa sun tsira. Kin ga ashe lissafin ba hatimi ba ne da aka buga a goshin kowa.

Na saba kwatanta wa majinyata ciwon nan da wuta. A mataki na ɗaya tana cikin murhu: kullutun bai wuce santimita 2 ba, kamar ƙwayar gurjiya, bai kai hammata ba. A mataki na biyu ta lashi zana: ya ƙara girma, ko ya taɓa 'yan ƙwayoyin nan na hammata da muke kira kaluluwa in sun kumbura. A mataki na uku ta kama ɗaki: ya ci fata ko bangon ƙirji, ko ya cika hammata. A mataki na huɗu iska ta kwashi tartsatsi ta kai maƙwabta, wato ƙashi ko huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa. A Amurka, inda suke ajiye lissafi sosai, wadda aka kama nata bai fita daga mama ba, kusan 99 cikin 100 suna kai shekara biyar. Wadda nata ya riga ya kai nesa, kusan ɗaya ce cikin uku. Likitocin su ne dai, na'urorin su ne dai. Lokaci ne ya bambanta. Mu kuwa yawancin matanmu sai wuta ta kama ɗaki suke neman guga.

Ke ba ki jira ba. Sati uku da jin abu kin je an duba ki. Allah ya yi miki albarka, kin riga kin yi abin da ya fi komai wuya.

Yanzu batun allurar da likita ya ce za a sa a ɗebo tsoka. Na san an riga an zo miki da maganar nan ta "daji ba ya son ƙarfe". Na ji ta tun ina ɗaliba. Bari in gaya miki inda ta samo asali. Mace za ta yi shekara ɗaya ko biyu tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai abu ya fashe a kawo ta, a sa allura, bayan wata uku ta rasu, a ɗora wa allura laifi. Shekara biyun da aka ɓata babu mai tuhumar su. Allurar ɗibar tsoka ba ta watsa daji. Ana kashe wurin da maganin kashe zafi, a ɗebo 'yan zarurrukan nama da ba su kai tsinken ashana kauri ba, a manna filasta, ki tashi da ƙafarki ki koma gida.

Kuma ki sani yawancin kullutun da mata ke ji a mama ba daji ba ne. Akwai mai santsi da ke gudu a ƙarƙashin yatsa, wanda ya fi yawa ga 'yanmata, akwai ƙunshin ruwa, akwai ƙurji na masu shayarwa. Hannu ba ya iya rantsuwa a kan ko wanne ne, ko da hannun babban likita ne. Hoto yana taimakawa, sikanin ko mamogiram, amma hukunci na madubin likita ne. Rashin ciwo kuma ba shaidar lafiya ba ce, don daji a farkonsa galibi shiru yake, ba zafi ba zugi. Da yana zuwa da zugi irin na haƙori, da rabin matan da na yi jinya sun zo da wuri.

A nan ne nake so ki buɗe kunne da kyau, don a nan ne ƙaramin asibiti ke yin rana, a nan ne kuma yake iya yin ɓarna. Kada ki yarda kowa, a kowane asibiti, ya yanke kullutun nan ya jefar ba tare da an aika shi ɗakin gwaji ba. Na ga an yi haka. An cire, an ɗinke, an ce "ai mun cire shi, je ki abinki", babu takarda, babu sanin mene ne. Bayan wata takwas ya dawo a kan tabon, ya fi da ƙarfi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Asibitin garinmu ba shi da likitan da ke karanta tsoka, amma yana iya sa ta a kwalbar magani ya tura asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In ya zama dole ɗan'uwanki ne zai shiga mota ya kai da hannunsa, ya kai. Ki karɓi lambar, ki riƙa bibiya. Sakamako ba ya biyo mutum gida.

In sakamako ya fito ya ce daji ne, akwai tambaya ta biyu da mutane da yawa ba su san ana yi ba: wane iri ne? Sankarar mama ba uwa ɗaya uba ɗaya ba ce. Za ki ga wasu haruffa a takardar, ER da PR da HER2. Biyun farko suna nuna ko dajin yana cin abinci ne daga sinadarin da jikin mace ke samarwa, wanda ke tafiyar da al'ada. In haka ne, akwai ƙwaya mai sauƙin kuɗi da ke toshe masa baki. Na ukun yana nuna wani iri mai saurin girma, kusan ɗaya cikin biyar ko shida, wanda yake da allurarsa ta musamman. Akwai kuma wanda duka ukun ba ya da su, ya fi yawa a cikinmu baƙar fata fiye da Turawa, shi ƙarin ruwa na kemo ne babban makaminsa. Gwajin nan yana da kuɗi, amma kada a yi masa ƙwauro. Wanda bai san abin da ke cikin rami ba, bai san irin tarkon da zai ɗana ba.

To me asibitinmu zai iya, me kuma ya fi ƙarfinsa? Zai iya duba ki, ya ɗebi tsoka, ya auna jini, ya wanke ciwo, ya rubuta miki ƙwaya duk wata, ya riƙa bibiyar ki shekara da shekaru ba tare da kin sayar da akuya don kuɗin mota ba. In akwai ƙwararren likitan tiyata, zai iya yin aikin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma na ga mata da yawa da nisa kaɗai ya raba su da magani. Amma ba shi da na'urar gashi da haske. Ita sai manyan wurare, irin Shika da Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Tsara ƙarin ruwa kuma aikin likitan daji ne. Asibitin kirki shi ne wanda ya san iyakarsa, ya rubuta takarda ya tura ki gaba a kan lokaci, ya karɓe ki in kin dawo. Ki ɗauke shi zaure: ta nan ake shiga, ta nan ake fita, amma ba nan ne gidan duka ba.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wa ƙasashe ma'auni uku a kan ciwon nan, na kuwa haddace su don sun yi daidai da abin da idona ya gani. A gano aƙalla 60 cikin 100 tun suna mataki na ɗaya ko na biyu. A gama duk gwaje-gwaje a san abin da ake ciki cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa. Sannan 80 cikin 100 su kai magani ƙarshe. Babu inda aka ce sai asibiti mai bene. Na farko kin cika shi in Allah ya so. Na biyu ki riƙe kalanda ki ƙirga da kanki. In kwanaki suna tafiya ana ce miki "dawo jibi", ki nemi babbar nas ta ɗakin, ki yi magana cikin ladabi, amma ki yi.

Ki sayi littafi na 'yan makaranta ki riƙa rubuta tambayoyinki kafin ki shiga. Wane mataki nake? Wane iri ne? Da me za a fara, me zai biyo baya? Wanne za a yi a nan, wanne sai na yi tafiya? Nawa zai ci gaba ɗaya? Matambayi ba ya ɓata. Ki haɗa kowace takarda a jaka ɗaya, ki ɗauki hotonta a waya, don fayil yana ɓacewa. In likitan namiji ne kina jin nauyi, haƙƙinki ne ki ce nas mace ta tsaya a wurin. Amma dubawa dai sai an duba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Zan gaya miki wani abu da ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba. Ina sabuwar ma'aikaciya aka kawo wata baiwar Allah daga ƙauye, ta ɗaure ƙirji da tsumma da ganye. Da na kwance, ban san lokacin da na ce mata a gaban mutane, "Sai yanzu kika ga damar zuwa?" ba. Ta sunkuyar da kai. Can ta ce za ta je ta yi salla. Ban sake ganin ta ba. Shekara nawa ke nan, har yau in na tuna sai na nemi gafarar Allah. Na kawo miki wannan ne don ki san masu farin kaya mutane ne, suna gajiya, suna kuskure, wani lokaci bakinsu yana da kaifi. In wata ta yi miki tsawa, ki haɗiye, ko ki kai ƙara, amma kada ki yi zuciya ki bar layi. Ita za ta tashi aiki ta manta. Ciwon a jikinki yake.

In ya tabbata daji ne, maganin ƙafa huɗu gare shi, ko da yake ba kowa ke buƙatar duka huɗun ba.

Tiyata ita ce zare itacen da ke ci daga murhu. A da, tun zamanin wani likitan Amurka mai suna William Halsted a ƙarshen ƙarni na 19, ana kwashe mama ne da naman ƙirji da duk abin da ke hammata. Daga baya Umberto Veronesi a Italiya da Bernard Fisher a Amurka suka nuna, a shekarun 1980, cewa in kullutu ƙarami ne, cire shi kaɗai a bi da gashi yana ba da tsawon rai daidai da cire mama duka. Ki lura da sharaɗin: a bi da gashi. In babu tabbacin za ki sami gashi a kan lokaci, likita zai iya ba ki shawarar a cire duka, kuma ba mugunta ba ce. Na san abin da mama yake a wurin mace, ni ma mace ce, na shayar da bakwai. Amma ban taɓa ganin yaron da ya ce gara a bar wa uwarsa mama a binne ta da shi ba. Bayan aiki za a koya miki motsa hannu, ki riƙa hawa bango da yatsu, ki riƙa taje kanki da hannun wannan ɓangaren. Ki yi, ko da yana ja, don kada kafaɗa ta sandare. In hannun ya fara kumburi ki faɗa da wuri.

Ƙarin ruwa, wanda kuke kira kemo, shi ke bin tartsatsin da ido ba ya gani. Galibi duk sati uku ake yi, sau shida ko takwas, wani lokaci kafin tiyata don kullutu ya motse. Akwai wani ja a ciki, har fitsari yana yin ja kwana ɗaya ko biyu, kada ki tsorata. Gashin kai zai zube. Zai kuma dawo, na sha yi wa waɗanda suka gama kitso da hannuna. Za a yi tashin zuciya, akwai maganinsa, ki nema. Kafin kowane zagaye za a auna jini, don maganin yana rage fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. Saboda haka ki riƙe wannan da kyau: zazzaɓi a lokacin kemo ba na a sha farasitamol a kwanta ba ne. Ko tsakar dare ne, asibiti. A nan ma kusancin asibitinmu rahama ne.

Gashi shi ne bin gurbin wutar da haske mai ƙarfi. Ba wuta ake sa wa mutum ba, ba a ma jin komai lokacin da ake yi, 'yan mintoci ne a kwance. Wahalarsa ita ce kullum ne, Litinin zuwa Juma'a, sati uku zuwa biyar, a garin da ba naki ba. Tun yanzu a fara tunanin gidan wa za a sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta huɗu ita ce ƙwaya. Tamoksifen, ɗaya a rana, shekara biyar, wani lokaci har goma. Ga wadda dajinta mai cin sinadarin mata ne, wannan 'yar ƙwaya tana rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tana sa jin zafi ya taso wa mutum kamar an buɗe tanda. In an ga jini ba lokacinsa ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, a gaya wa likita. Waɗanda al'ada ta ɗauke musu akwai wasu ƙwayoyin dabam. Masu HER2 kuma allurarsu, wadda aka fi sani da Herceptin, tun 1998 ake amfani da ita, shekara guda ake yi, tana da tsada ƙwarai, amma ta sauya labarin wannan iri.

Yanzu ga wurin da na fi yin asarar mata, kuma ba a ɗakin tiyata ba ne. Tsakiyar hanya ce. Akwai wata da nake ƙauna, mai fara'a, mai sayar da ƙuli. Bayan ƙarin ruwa na uku kullutun ya narke har ba a jin sa. Dangi suka yi murna, aka yi sadaka, aka ce tun da ya tafi me ya rage, ga wahala ga kashe kuɗi. Na aika mata sau biyu, ta ce a gaishe ni, ta warke. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni aka kawo ta a kwance, bayanta yana ciwo, tana tari. Wutar da aka ga ta mutu, garwashi ne ya kwanta a ƙarƙashin toka. 'Yata, ranar da kika ji kin warke ita ce ranar da ta fi haɗari. Likitan da ya ce a fara, shi kaɗai zai ce a tsaya.

Kuɗi kuma kada a yi musu kara. Ciwon nan yana cin dukiya. Shi ya sa na ce ki tambayi jimla tun farko, a zauna da dangi a raba nauyi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da na sha gani shi ne a sayar da saniya a kai wa mai magani, a sayar da gona a kai wa wani, sai an zo asibiti a ce babu ko na awon jini. In za a sayar da abu, a sayar don abin da aka gwada aka ga yana aiki. Gwamnatin tarayya ta fara wani asusu a 2021 na tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, ta wasu asibitocin koyarwa, har da Shika. Ki tambayi ofishin jin daɗin majinyata, ki tambayi inshorar lafiya ta wurin aikin maigidanki abin da take ɗauka. Neman haƙƙi ba bara ba ne.

Addu'a kuwa, ni ce ta farko da zan tashi cikin dare saboda ke. Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Ki yi azkar ɗinki, ki sha zamzam, a yi miki tofi. Abin da na hana shi ne duk abin da zai taɓa wurin: sakiya, tsaga, ƙaho, da haɗe-haɗen da ake kirɓawa a manna su cinye fata. Duk wani jiƙo da aka kawo miki, ko daga hannun wa ya fito, ki nuna wa likita kafin ki sha, don hantar da ke fama da kemo ba ta son ƙarin kaya. In azumi ya riske ki a tsakiyar magani, ki tambayi likita ki tambayi malam, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Saura kai, ɗana, maigidanta. Na san kai mai hankali ne, shi ya sa zan yi maka gajeruwa. Ciwon nan ba a ɗaukar sa a kwano ko a shimfiɗa. Ba jifa ba ne, ba hannun kowa a ciki, kada ka bari a raba maka zumunci da zargi. Ba laifinta ba ne, yana kama wadda ta haihu da wadda ba ta haihu ba, har maza yana kamawa jefi-jefi. Abin da na lura da shi a shekarun aikina: matar da mijinta ke zaune a benci yana riƙe da jakarta, ita ce ke dawowa zagaye na gaba. Da yawa ba tsoron mutuwa ke hana su yarda da tiyata ba, tsoron idon miji ne, da abin da za a ce a gidan. Kalma ɗaya daga bakinka ta fi duk wa'azina. Kuma batun ciki, a dakata har likita ya ba da izini, don magungunan nan ba sa shiri da ɗan tayi. Ku je ku ji tare.

In kuma Allah ya ƙaddara aka ce abu ya yi nisa, ko ga ke ko ga wata da za ki sani nan gaba, ba a cewa babu abin yi. Akwai maganin da ke rage masa gudu, mutum ya yi shekaru yana harkokinsa. Akwai maganin zafi mai ƙarfi, akwai wankin ciwo da ke kashe wari. Babu wadda ya kamata a rufe a ƙuryar ɗaki tana nishi ita kaɗai.

Abu ɗaya nake roƙo a wurinki. Kwanakin baya na je suna, wata tsohuwa ta kamo hannuna ta ja ni ɗaki ta sakaya ƙofa. Ta ce, "Malama, ba ki gane ni ba ko?" Ta kama hannun nawa ta ɗora a ƙirjinta na dama, na ji shafe. Ta ce jaririn da ake wa suna jikanta ne, uwarsa kuwa ita ce 'yar da take goye ranar da muka shiga da ita tiyata. Muka yi kuka, muka yi dariya. Da za mu fito sai ta ce, "Don Allah kada ki gaya wa kowa." Na yi mata alkawari, shi ya sa ko garin ban faɗa miki ba. Amma a hanyar gida ina ta tunani: a tsakar gidan nan akwai mata sun fi hamsin, wa ya san ko wata a cikinsu tana ɗauke da kullutu tana ɓoyewa, don ba ta taɓa ganin wadda ta warke ba? Ga amsarta zaune kusa da ita tana cin tuwon suna.

In sakamako ya fito babu komai, mu yi sadaka, ki gaya wa ƙannenki da maƙwabtanki cewa an sa miki ƙarfe kin tashi lafiya. In kuma ya fito da abin da ba mu so, mu ɗaura ɗamara mu bi shi har ƙarshe, in Allah ya ba ki lafiya kada ki ɓoye. Ba na ce ki shiga rediyo ba. Ko mace ɗaya ce ta zo miki da rawar murya irin wadda kika kira ni da ita, ki ja ta ɗaki ki nuna mata.

Ranar Litinin zan shigo motar farko. Ki tanadi katinki da littafin nan na tambayoyi, ki karya kumallo da kyau, allurar ba ta hana cin abinci. Ni zan riƙe miki mayafi.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya raya miki zuri'a.

Gwaggonki.